Kyamarorin da Suka Je Sama

A dandalin Götaplatsen da ke birnin Gotenbog na ƙasar Suwidin akwai mutum-mutumin Victor Hasselblad, maƙerin kyamarorin Hasselblad, riƙe da kyamara, a ƙasa kusa da ƙafarsa ga sawun takalmin ɗan sama-jannati. Sanyi na ratsa ni har ƙashi, amma na daɗe a wurin, domin labarinsa ya taɓa gida. Son ɗaukar hoton tsuntsaye ne ya sa shi neman kyamarar da za ta biya masa buƙata, har a 1935 ya fitar da littafi kan tsuntsaye masu ƙaura. Duk ɗan Malam Madori ya san baƙin nan da ke barin Turai idan hunturu ya kama, su sauka a fadamun Baturiya da Nguru.

A wani shagon tsofaffin kyamarori na garin aka miƙo mini Hasselblad samfurin 500C na riƙe. Akwati ne mai nauyi, ta sama ake leƙa shi, kuɗinsa bai wuce dala dubu biyu ko uku ba. Irinsa ɗan sama-jannati Wally Schirra ya saya a Houston, ya tafi da shi sararin samaniya a watan Oktoba na 1962. Kafin tafiyar sai da ma'aikatan NASA suka ɓare fatar jikinsa, suka cire madubin ciki don rage nauyi, suka shafe shi da baƙin fenti kada ƙyallinsa ya dawo ta tagar kumbo. A kasuwar Hadeja, kayan da aka yi wa wannan fiɗa sai dai 'yan gwangwan. A Boston kuwa, a watan Nuwamba na 2014, dala 275,000 aka sayi na Schirra a gwanjo.

Na zuwa wata sun fi ban mamaki. Fentin azurfa aka yi musu saboda zafin rana, ana maƙala su a ƙirji, a ciki kuma akwai wani gilashi mai ƙananan alamomin giciye da ke fitowa a kan kowane hoto don auna nisa. Goma sha biyu daga cikinsu suna can a doron wata har yau. Fim ɗin kawai aka kwaso, aka bar wa duwatsu gurbin nauyinsu.

Shi ya sa wadda aka ce ita kaɗai ta dawo ta tayar da ƙura. A watan Maris na 2014 gidan gwanjon WestLicht na Viyana ya sayar da wadda ya ce ɗan sama-jannati Jim Irwin ya yi aiki da ita a tafiyar Apollo 15 ta 1971. Terukazu Fujisawa, attajirin Japan mai shagunan Yodobashi Camera, ya biya yuro 660,000. Ban ga wautarsa ba, har raina. Abin da ya saya shaida ce cewa ɗan Adam ya taka inda kakanninmu ke ɗaga kai su duba kafin su ɗauki azumi. Sai dai kuɗin duka ya rataya ne a kan hujja. Gidan gwanjon ya dogara da lamba 38 da ke jikin gilashin ciki, wadda ya ce ita ce a hotunan Irwin. Masana tarihin kumbo kuma suka ce ba ita kaɗai ta dawo ba, wasunsu ma suna tababar ko ta taɓa sauka a wata.