Ranar 16 ga Agusta a Tarihin Waƙar Zamani

Duk wanda ya bi diddigin kiɗan zamani na Amurka, irin wanda ake kira rok da danginsa, lalle ne ya tsaya a kan ranar 16 ga Agusta, domin a cikinta ajali ya riski mutum uku waɗanda wannan fanni ba ya cika sai da ambatonsu, kuma dukkansu tsatson yanki ɗaya ne, wato ƙasar auduga ta Mississippi da birnin Memphis da ke bakin iyakarta.

Na farkonsu shi ne Robert Johnson, baƙar fata mai yawo gari-gari da jitarsa, wanda ya rasu a 1938 kusa da Greenwood yana ɗan shekara 27, bai bar gado ba face waƙoƙi 29 da aka naɗa masa a Texas a 1936 da 1937. Ya ƙaura cikin fatara ba wanda ya damu da shi, har ya zamana yau wurare uku ne aka kafa wa alamar kabarinsa. Sai bayan 1961, da aka tattara wasu daga cikin waƙoƙin nan a faifai guda, samarin Ingila irin su Eric Clapton da Keith Richards suka duƙufa a kansu kamar yadda almajiri ke duƙufa a kan allonsa, suna maimaita faifan, suna laluben inda ya aza yatsunsa, har suka sami ɗaukaka da dukiyar da malaminsu bai ɗanɗana ba.

A wannan rana ta 1977 kuma Elvis Presley ya cika a gidansa na Graceland da ke Memphis yana da shekara 42, dubban jama'a suka cika titi suna kuka, Shugaban Amurka Carter ya fitar da saƙon ta'aziyya. Ba na musun baiwar da Allah ya yi masa, amma adalci ya wajabta a faɗi cewa waƙar da ta fito da shi a 1954, That's All Right, ta Arthur Crudup ce, wani baƙar fata na Mississippi da ya yi ta neman haƙƙin waƙoƙinsa har ya rasu a 1974 cikin ƙunci. Wannan zalunci yana ci mini rai, musamman da yake wariyar launin fata ce ta share masa hanya.

Aretha Franklin, wadda aka haifa a Memphis ta rasu a Detroit a wannan rana ta 2018, ita ce Allah ya tsawaita wa rai har ta ga an girmama baƙar murya da sunan mai ita. A majami'ar mahaifinta ta koyi rera waƙa, waƙarta Respect ta 1967 ta zama taken masu neman 'yanci, kuma a 1987 ta zama mace ta farko da aka shigar zauren karrama gwanayen rok.

Ban da waɗannan ukun, an haifi mawaƙiya Madonna a wannan rana a 1958, a cikinta kuma aka sallami makaɗin ganga Pete Best daga ƙungiyar Beatles a 1962. Abin da ya fi waɗannan taɓa zuciyata shi ne wafatin Nusrat Fateh Ali Khan na Pakistan a Landan a 1997, yana da shekara 48, sarkin ƙawwali wanda ya ɗauki begen Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, daga majalisun sufaye ya kai shi dandalin Turai, inda mawaƙi Peter Gabriel ya buga faya-fayensa, mutanen da ba su jin ko kalma ɗaya ta Urdu suka zauna suna saurare.