Kallon kifi a Birnin Zazzau: Daga kududdufi zuwa akwatin gilashi

Duk wanda ya shiga Birnin Zazzau ta Ƙofar Doka a watan Agusta, ya bi ta Babban Dodo ya nufi ƙofar fada, abu biyu ne za su fara tarbar sa: ruwan sama da yara. Lokacin ne damina ke kan ganiyarta, lokacin ne kuma 'yan makaranta ke dogon hutu. Gida ya cika da hayaniya, waje kuma ba ya fituwa.

In ya saki titi ya kutsa lungu, zai yi ta cin karo da kududdufai. Asalinsu ramuka ne da aka haƙa tun zamanin kakanni don ɗibar ƙasar gini. Da rani ba mai kula su, amma da damina sai su cika maƙil, su zama sinimar yaran unguwa. Wannan da ƙugiya da tana, wancan da gwangwani yana kamun talibambam, wani kuma tuni ya tuɓe riga.

To, a nan gizo ke saƙar. Ramin gini ba shi da tabbas, taku ɗaya ne tsakanin ruwa iya gwiwa da wanda zai shanye babba. Ga kuma tsargiya, wadda ƙwayarta ke zama jikin ƙananan dodon koɗi, ta fito cikin ruwa ta ratsa fatar yaro, bayan wani lokaci a ga yana fitsarin jini. Haka abin yake ga masu sulalewa zuwa Kubanni ko Galma. Duka ba ya hana su, don yaro da son kallon abin da ke motsi a ruwa sai Allah.

Wasu ƙasashen sun daɗe da samo dabara, wato gidan kallon kifi da ake kira akwariyam. An buɗe na farko ga jama'a a gidan zu na Landan a 1853. 'Yan kasuwarmu masu zuwa Dubai sun san wanda aka buɗe a Dubai Mall a 2008, mai cin ruwa lita miliyan 10, inda mutum ke ratsa wata hanyar gilashi kifaye na shawagi a bisa kansa. Yaran da su ka kalli Finding Nemo na 2003 ma sun san abin, domin a akwatin gilashin wani likitan haƙori a birnin Sidni aka tsare ɗan kifin nan da ubansa ya yi ta nema.

Zariya ta yi nisa da teku, amma ba ta rasa abin nunawa ba. Masu kiwon kifi na nan a ciki da wajen ganuwa, wasu da kwamin siminti, wasu da tankin roba a ƙarƙashin rumfa, inda ruwan sama ba ya taɓa mai kallo. A je lokacin ba da abinci, safe ko yamma. Da an watsa, sai ruwa ya kama tafasa, tarwaɗa na hawa kan juna da gashin bakinsu. Kai, ranar yaro ba zai tuna da talbijin ba!

Labarin kifayenmu kuwa ya isa fim. Tarwaɗa na leƙowa sama ta shaƙi iska, shi ya sa take daɗewa a baho ba ta mutu ba. Uwar karfasa a baki take goyon ƙwanta har su ƙyanƙyashe. Gaiwa kan binne kanta a laka idan tafki ya ƙafe, ta yi watanni tana jiran damina. Minjirya kuma lantarki gare ta, wanda ya taɓa ta ba ya son ƙari.

Sai dai ziyara na da ladabi. A nemi izinin mai wuri tukuna, a riƙe hannun ƙanana don kwami ma na iya cin yaro, kar a bari su jefa burodi ko tsakuwa, kuma a wanke hannu da sabulu kafin a tafi.

Mai hali na iya ajiye ƙaramin akwatin gilashi a falo. Ruwan famfo sai ya kwana a buɗe kafin a zuba, saboda maganin da ke ciki. Abinci kaɗan-kaɗan, don ragowarsa ke ɓata ruwa. Kar kuma a cika kifi da yawa, domin in an ɗauke wuta na'urar iska tsayawa take yi.

Masu shirya finafinanmu sun sha kwasar 'yan wasa zuwa Tiga don rawa da waƙa a bakin ruwa. Ina ma wani furodusa zai juya kyamara ta kalli cikin ruwan, ya yi wa yara fim a kan gaiwa. Kasuwa dai tana nan, ga ta can a bakin kududdufi tana jira.