Kaskon Duna

Duk shekara idan hunturu ya shigo, hazo ya lulluɓe gari, sai hancina ya tuno mini wani wari da na daɗe ban ji ba, warin toka mai ɗumi gauraye da na jikin kare. A bakin murhun Inna karenmu Duna yake kwana. Da asuba, kafin a hura wutar ɗumame, za ka tarar da shi ya naɗe kamar gammo a cikin tokar jiya, baƙin jikin nan nasa ya yi furu-furu. Inna ta ɗaga muciya ta ce, "Fice mini nan, ɗan banza!" Shi kuwa ya tashi a hankali, ya yi miƙa, ya girgiza jiki tokar ta tashi har cikin ɗankwalinta, ya yi taku uku ya sake kwanciya. Shekara biyar suna wannan, ban taɓa ganin muciyar ta sauka a kansa ba.

A 1968 Baffa ya kawo shi, ana tsakiyar yaƙin basasa, lokacin da manya ke kewaye rediyo ɗaya a ƙofar gidan mai unguwa suna sauraron labarin fagen fama. Ƙauyenmu yana kusa da Malumfashi, a bakin titin da manyan motoci ke bi da auduga zuwa Funtuwa. Baffa mafarauci ne, ƙanin Baba, mutum mai ƙarancin magana. Ya shigo da yamma ya zaro wani abu daga aljihun taguwarsa ya ajiye a gabana. Kwikwiyo ne baƙi wuluk, da ɗan fari a ƙirji, bai fi tafin hannun babba ba, yana rawar sanyi. Ya ce, "Ga naka. In ya mutu da yunwa, alhakinsa na wuyanka."

Baba bai so ba. Washegari ya tafi wajen malaminmu na makarantar allo, ni kuma ina biye a baya zuciyata na dukan uku-uku. Malam ya ce an halatta ajiye kare domin farauta, ko kiwo, ko gadin gona, kuma idan ya sa baki a ƙwarya a wanke ta sau bakwai. Sannan ya juyo gare ni ya ba ni labarin mutumin da ya ɗebo ruwa daga rijiya da takalminsa ya shayar da kare mai jin ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. A kan hanyar komawa Baba ya kafa sharuɗɗansa: ba ya shiga ɗaki, ba ya kusantar buta ko buzun salla, kuma a nemo masa abin cin abincinsa shi kaɗai. Inna ta ba ni gindin wata tsohuwar tukunya da ta fashe. Shi ne kaskon Duna.

Abincinsa abin da gida ya rage ne. Ƙanzo a jiƙa da ruwan miya, tsaki idan an yi tankaɗe, ran kasuwa kuma in je rumfar mahauta in tsaya shiru har wani ya ji tausayina ya jefo mini ƙashi. Ƙashin kaza kaɗai Baffa ya hana, ya ce dafaffe yakan tsage ya soki maƙogwaro. Amma Duna yana da tasa dabarar. Ya san inda kajin Goggo ke saka ƙwai a gindin rumbu fiye da yadda Goggo ta sani. Wata rana ta kama shi da gwaiduwa a baki, ta bi shi da tsintsiya har waje tana kiran sunan Baffa da duk wanda ya ɗaure wa kare gindi a gidan nan. Bayan kwana biyu shi ne ya tsaya yana haushi a bakin rumbun nan ya ƙi motsawa, aka zo aka tarar da kububuwa kwance daidai inda take zura hannu. Daga ranar ta daina ƙirga ƙwanta da ƙarfi.

Aikin da na fi tunawa shi ne cire kaska. Ranar Alhamis, da yake babu karatun allo, nakan zaunar da shi a inuwar tsamiya da hantsi, gwangwanin madara da ɗan kananzir a gefena. Baffa ya koya mini inda suke ɓuya: cikin kunne, bayan wuya, tsakanin yatsun ƙafa. Wasu ƙanana jajaye, wasu sun sha jini sun kumbura kamar ƙwayar wake. Ka kama ta daf da fata, ka ja a hankali kada kan ya karye a ciki, ka jefa a gwangwani. Duna yakan ɗora haɓarsa a gwiwata ya lumshe ido, lokaci-lokaci ya saki ajiyar zuciya irin ta tsohon da aka yi wa aski. Da bazara kuma ƙudaje ne ke cin bakin kunnuwansa har su yi jini, sai in saci man kaɗanyar Inna in shafa masa. Ta san ina sata. Kullum a wuri ɗaya nake samun kwalbar, murfin a sassauce.

Maƙwabtanmu idan karensu ya yi kirci, gashi ya zube, baƙin man mota suke shafa masa. Baffa ya ce kada in kuskura, domin kare da harshe yake wanka, duk abin da ka shafa masa cikinsa zai koma. Idan kuma na ga Duna yana cin ciyawa na tsorata, sai ya ce in bar shi, cikinsa ne ke damunsa. Ƙaya da ƙarangiya kuwa kusan kullum ne. Ya dawo daga daji yana ɗingishi, ya miƙo mini ƙafar da kansa.

Sau ɗaya aka yi masa allura. Malamin dabbobi ya zo a kan babur, da kakinsa da wata gora mai ƙanƙara a ciki. Saboda shanun Fulani ya zo, amma mai shela ya ce duk mai kare ya kawo. Na ji yana gaya wa Baffa cewa daga Vom ake kawo maganin, can kusa da Jos, inda ake haɗa alluran dabbobi. Mutum uku muka danne Duna. Da aka gama ya tsere ya shige ƙarƙashin rumbu, ya yini bai kalle ni ba, kuma tun daga nan ko ƙarar babur ya ji sai ya ɓace. Aka canza wa malamin wurin aiki, wanda ya gaje shi bai taɓa biyowa ta wajenmu ba, mu kuma ba wanda ya yi tunanin ɗaukar kare zuwa gari. Mun ɗauka allura ɗaya ta isa har abada.

Abin da muke tsoro shi ne titi. A watan Afrilu na 1972, da aka mayar da tuƙi hannun dama, manya ma sai sun duba sau biyu kafin su tsallaka. Na ɗaure Duna da igiya mako guda yana kuka, har Baffa ya zo ya kwance shi, ya ce kare da kunne yake tsallaka hanya, ba ruwansa da dama ko hagu.

Shekarar da ta biyo, 1973, ita ce ta fari, shekarar da naira ta shigo muna ta lissafin sule nawa ne a cikinta. Hatsi ya yi tsada, ƙanzo ma mutane ke ci. Duna ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, amma Inna ba ta taɓa barin kaskon ya kwana a bushe ba. Wata rana da azahar wani baƙon kare ya shigo unguwa, jela a ƙasa, yawu na zuba, yana cizon duk abin da ya tarar, har turmi. Ya faɗo zaurenmu, ƙanwata tana zaune tana wasa da 'yartsana. Ban ga inda Duna ya fito ba. Na dai ji gurnani da ƙura, sannan maza suka zo da gora suka ƙarasa baƙon. Duna ya fita da cizo a kafaɗa. Muka wanke da ruwan gishiri, cikin mako guda ya warke, ranar ma har romo Goggo ta zuba masa. Baffa ne kaɗai bai yi murna ba. Kullum da yamma sai ya zo ya tsuguna ya daɗe yana kallon sa.

Bayan kamar mako uku Duna ya daina cin abinci. Ya koma ƙarƙashin rumbu cikin duhu, muryarsa ta dushe, yana kai wa iska cafka kamar mai kama ƙuda. Na kai masa kaskon ina kiran sunansa. Ya dube ni da wasu idanu da ban sani ba, ya kama ni a bayan hannu. Ba ciwo ba ne sosai, haƙori biyu ne kawai, har yau tabon yana nan. Ya sake ni nan take ya ja da baya. Da daddare Baffa ya sa masa igiya da dogon sanda. Da asuba, bayan an idar da salla, na ji ƙarar bindiga sau ɗaya daga wajen tsamiya. Inna tana tsugune gaban murhu, wutar ta riga ta kama, amma ta ci gaba da hurawa.

A ranar Baba ya sa ni a mota zuwa asibiti a gari. Allura 14 aka yi mini a kewayen cibiya, kullum ɗaya, ina kwana gidan wata gwaggon Baba. Ciki ya kumbura ya yi tauri, ɗaura wando ma wahala. Mutane suka yi ta zuwa duba ni, kowa na cewa Allah ya kiyaye gaba, an auna arziki. Ba a yi wa kare ta'aziyya, don haka ba wanda ya ambaci sunansa, ni ma ban ambata ba. Sai na shiga bargo nake kuka.

Yanzu jikana a Kaduna yana da wani ƙaton kare irin na Turawa, da kejinsa na ƙarfe da katin asibitinsa. Tun yana mako 6 aka fara masa rigakafi, ta haukan kare kuma da ya kai wata 3, ana sabunta ta kowace shekara, ga maganin tsutsar ciki, ga hodar kaska, ga dokar kada a ba shi albasa ko cakulan. Na raka su wajen likitan dabbobi sau ɗaya na nuna masa tabon hannuna. Ya ce a yau wanda kare ya ciza, abu na farko ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, ya tafi asibiti a ranar, alluran kuma a dantse ake yi, 'yan kaɗan. Ya ce idan alamun ciwon suka riga suka bayyana, ga mutum ko ga dabba, kusan babu mai tashi. Na tambaye shi ko da an sabunta wa Duna allurarsa zai tsira. Ya ɗan yi shiru, ya ce da wuya ciwon ya kama shi. Na ji daɗin wannan kulawa da ake yi yanzu. Abin da ke taɓa ni kawai shi ne karen nan bai san yaran layinsu ba, su ma ba su san sunansa ba, rubutun gargaɗi ne a ƙofa ya haɗa su. Idan na je nakan zura hannu in sosa masa bayan kunne, sai in ji yatsuna suna laluben kaska da kansu, jikinsa kuwa ƙamshin sabulu yake.

Ranar da na dawo gida daga asibiti, bayan an ci tuwon dare, ina zaune a tsakar gida na ga Inna ta kankare tukunya, ta tara ƙanzon a hannu ta nufi gindin katanga. Sai da ta isa ta tsaya. Baffa ya ce a fasa kaskon a binne, ashe ba ta bari ba, ƙona shi ta yi a wuta ta wanke da toka ta mayar wurinsa. Ta daɗe a tsaye, bayanta gare ni. Can ta watsa wa kaji ƙanzon, duk da sun riga sun shiga akurki, ta ce, "Kai kuma me kake kallo? Tashi ka rufe zaure, yanzu ba mai gadi."