Tun Ran Gini Tun Ran Zane

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon fili in gargaɗi masu gini a ƙasar sanyi, kamar nan Jos. Ban sami kuɗin murhun itace mai dafa ruwan wanka ba tukuna, amma na sa magina su bar masa wuri: daɓen siminti, da kafar bututun hayaƙi a rufi, da bututu biyu na jan ƙarfe cikin bango. Tanki kuwa bisa murhu za ya zauna, gama ruwan zafi da kansa ya ke hawa, mai sanyi ya sauko. Kada a toshe mafitar tururi, don kada tanki ya fashe. Wanda ya jinkirta har bayan yaɓe, sai ya fasa bango, ya biya sau biyu.

Wassalamu.