Takardar da Yaro Ke Dawowa da Ita

A Aboabo, uwar da ke da ɗan shekara biyu ko uku, kuma take da sana'ar fita, ba ta da zaɓi mai yawa. Tun garambawul ɗin ilimi na 2007 da dokar ilimi ta 2008, gwamnatin Gana ta shigar da shekaru biyu na ajin share fage, wanda muke kira Keji, cikin karatun firamare. Amma wannan na ɗan shekara huɗu da biyar ne. Wanda bai kai ba, ko dai a goya shi zuwa Kejetia ya wuni cikin rana da turmutsutsu, ko a bar wa kaka in akwai ta, ko a kai shi gidan reno. Ni ɗinki nake yi, kuma shagon tela cike yake da allura da almakashi, don haka na zaɓi na uku.

Gidan da na kai 'yata na wata Kirista ce da iyayenta suka zo daga wajen Bolgatanga. A zango ta tashi, Hausa take yi kamar kowa, mu duka Anti muke ce mata. Falonta da barandar gidan su ne makarantar. Takardar izinin da dokar yara ta 1998 ta ce mai gidan reno ya karɓa daga majalisar yanki tana liƙe a bango, kusa da kalandar cocinsu. Yaran da take riƙewa ba su wuce goma sha biyu ba, kuma fiye da rabinsu 'ya'yan Musulmi ne.

Uwar da ta ajiye ɗanta da ƙarfe bakwai ta dawo da ƙarfe huɗu ba ta ga abin da ya faru a tsakani ba. Ɗan shekara uku kuwa ba ya ba da labari a jere. Shaidar da ke hannunta ita ce 'yar takardar da yaron ya fito da ita, mai dabbaren launi da ƙyalle a manne. A cikinta muke neman amsar tambaya biyu: kuɗin da nake biya yana aiki kuwa? Kuma amanar da na bayar, ana riƙe ta?

Kayan aikin Anti ba daga kanti suke fitowa ba. Ni nake kai mata ragowar atamfa da ke zuba ƙarƙashin keke. Mai shagon kayan masarufi yana ajiye mata kwalin sabulu da na madara. Abin manni kuwa sitacin rogo ne, cokali biyu a kofin ruwa, a dama a kan wuta har ya yi kauri kamar koko, a bar shi ya huce. Launi ma daga kicin yake. Ganyen waakye, wanda mutanen Kano ke kira karan dafi, shi ke ba da ja mai duhu. Sobolo, wato zoɓo, yana ba da ja mai haske, kurkum ya ba da rawaya, gawayi ya ba da baƙi. Wani lokaci takan ɗiga ruwan kanwa a cikin sobolon, ya rikiɗe a gaban idon yara ya koma wajen shuɗi da kore, su yi ta ihu. Dalilinta na guje wa fentin kanti ba tsada kaɗai ba ce. Duk abin da ya taɓa hannun ɗan shekara biyu, bakinsa zai je. Saboda haka ma ba ta ba ƙananan wake ko dutsen ado su jera, don kada su ƙare a hanci ko maƙogwaro. Su nasu yaga takarda ne da dangwala tafin hannu a launi. Almakashi mai dakushin baki sai wanda ya kusa shekara huɗu, shi ma tana zaune kusa da shi.

Ayyukan kansu ba su da wuya. A yanka kuɓewa biyu, yaro ya tsoma a launi ya buga a kwali, fure ya fito. A yanka takarda siri-siri, a saƙa ɗaya sama ɗaya ƙasa, irin yadda ake fara gindin kwandon Bolga. A murza yumɓu a yi 'yar tukunya. A zura igiya cikin gutsattsarin tsinken shan lemo a yi sarƙa. Da hunturu aikin yakan bushe kafin yara su farka daga barcin rana. Da damina kuwa sai ta riƙa dama sitaci kaɗan kullum, don na jiya ya yi tsami.

Tambayar kuɗi ita ta fara tasowa. Wata maƙwabciyata mai sayar da koko da ƙosai ta cire ɗanta bayan wata biyu. Ta ce ita ba ta tashi tun asuba tana suya don a koya wa ɗanta ɓata riga ba, ga wani gidan can 'yan shekara uku suna cika littafi da A da B. Ba a raina wannan magana. Kowane sidi da guminsa ya zo, kuma shafin da aka cika da haruffa ya fi kama da karatu. Amma na ga yadda ake cika irin wannan shafi: malama ce ke riƙe da hannun yaron tana jan sa. Yatsun da za su riƙe fensir sai sun yi ƙarfi tukuna, kuma ƙarfin daga yaga da murza da tsinta da zura igiya yake zuwa. Ni da na koyar da 'yan koyo ɗinki na san wannan. Ba a ɗora yarinya kan keke ranar farko. Sai ta yi makonni tana zura zare a allura, tana sa maɓalli, tana bin layi da almakashi.

Turawan da ake jingina wa wannan tsari ma abin da suka gani ke nan. Friedrich Froebel, wanda ya raɗa wa makarantar ƙananan yara suna a Jamus a 1840, naɗe takarda da saƙa ta da murza yumɓu ya sa yara yi. Maria Montessori da ta buɗe gidan yaranta a 1907, a wata unguwar talakawa ta birnin Rum ta buɗe shi, don 'ya'yan iyayen da ke fita neman abinci. Mu kuma ba baƙi ba ne a wannan harka. Almajiri yakan wanke allo, ya haɗa tawada, ya feƙe alƙalami kafin rubutunsa ya yi kyau. Kewayen Kumasi ma garuruwan aikin hannu ne: saƙar kente a Bonwire, sassaƙa a Ahwiaa, tukwane a Pankrono, bugun adinkra a Ntonso, inda ake sassaƙa hatimi daga ƙwarya a tsoma a ruwan ɓawon itace. Kuɓewar Anti ƙanwar wannan hatimi ce.

Tambayar amana ta fi nauyi. Wata shekara, washegarin Lahadin da Kiristoci ke shiga coci da ganyen kwakwa kafin Ista, yaran Anti sun dawo da ganyen da aka saƙa kamar gicciye. Sauran yara suka gani suka so, aka zauna aka yi ta saƙawa. Da yamma wani yaro ya shiga gida da nasa yana murna, ubansa kuwa ladan ne. Kafin magariba magana ta zaga lungu. Wasu suka ce dama abin da ake gudu ke nan, a kwashe yara gaba ɗaya.

Mu uku muka je wurinta. Babbarmu ta ce, "Anti, mun ba ki yaran nan ne don mun yarda da ke. Abin da yaro ya yi da hannunsa yana zama a ransa, ke ma kin sani."

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Hajiya, gidana gidan Kirista ne, ba zan sauke kalandata ba, ba zan daina addu'a kafin in ci abinci ba. Amma hannun ɗanki ba zai sake yin abin da ba ki aiko shi ya yi ba."

A kan haka aka tsaya, kuma ta cika. Abin da ya shafi ibadarsu, da yaran Kirista take yin sa ranar Asabar. Abin da kowa zai yi kuwa sai ta nemo inda muka haɗu. Jirgin Annabi Nuhu na kwali, kowa ya san shi. Tunkiyar auduga da ake mannawa a takarda, ɗan Musulmi ya kai ta gida da Babbar Sallah a matsayin ragon layya, ɗan Kirista ya kai ta da Kirsimeti a matsayin ta makiyaya. Da wani uba ya ce ba ya son ɗansa ya zana mai rai, ba ta yi gardama ba, ta ba yaron zanen layi da kusurwa irin na zayyanar allo, har sauran yara suka koma kwaikwayonsa. Ladanin bai mayar da ɗansa ba, kuma ba wanda ya zarge shi. Sauranmu muka zauna.

Mutanen Gana suna alfahari da ranar da Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ya shiga cocin Katolika na Christ the King a Accra da Istar 2019, yana cika shekara ɗari. Hoton ya zaga duniya, kuma ya cancanta. Sai dai zaman lafiyar da aka gani a hoton, a wurare irin barandar Anti ake ƙera shi, inda ake saɓawa a kan ganyen kwakwa, a zauna a faɗa wa juna gaskiya, a tashi da sharaɗin da kowa zai iya riƙewa. Zo mu zauna, zo mu saɓa, in ji Hausawa.

Shawarata ga uwar da ke neman gidan reno, na Kirista ne ko na Musulma, ita ce ta duba aikin yaran da ke bango kafin ta tambayi kuɗi. In ta ga kifaye goma duk iri ɗaya, tsaf-tsaf ba kuskure, babba ne ya yi su. In ta ga wani ya karkace, wani ido uku gare shi, wani sitaci ya yi masa yawa, to yara aka bari suka yi da kansu. Sannan ta tambayi mai gidan kai tsaye me ake yi lokacin Sallah da lokacin Kirsimeti. Wadda ta amsa ba tare da kwana-kwana ba, ita ake ba ɗa.