Daga Sabha Zuwa Gabra'un: Abin da Muka Gani Cikin Kofin Ruwan Gishiri

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa ƙasa Ya watsa halittu a cikinta, waɗanda ido ke gani da waɗanda suka fi ƙarfin ido. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. 

Yawancin mutanenmu da suka san Sabha sun san ta ne a matsayin zango. Wanda ya taso daga Agadas, ya ratsa Dirku da Madama da Gatrun, idan ya hango tsohuwar ganuwar nan da Italiyawa suka gina bisa tudu a gefen gari, sai ya yi hamdala ya fara tunanin inda zai sami aiki. Wani ya yi shekara goma a Gurda ko Mahadiyya yana gini ko ban-ruwa a garka, amma bai taɓa sanin abin da ke bayan rairayin da yake hange yamma da gari ba. Mu ma haka muke, har watan Janairun 2024, lokacin da muka haɗa kuɗin mai mu biyar, muka ɗauki hayar katkat don mu ga tafkunan da ake ba da labari. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Mun bar Sabha bayan sallar asuba, muka kama kwaltar da ta nufi Ubari, wadda ke bin kwarin da a da ake kira Wadil Ajal, yanzu kuwa Wadil Hayat. A hagu ga dogon dutse baƙi ya miƙe kamar katanga, a dama ga tuddan rairayi jajaye, tsakaninsu kuma ƙauyuka da dabinai a jere. Cikin wannan kwari ne Jarma take, tsohon birnin Garamantawa, mutanen da suka haƙa hanyoyin ruwa a ƙarƙashin ƙasa suka yi noma a nan ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Musulunci. Hanyar ta taɓa rufuwa ga matafiya sa'ad da aka yi faɗa a Ubari tsakanin 2014 da 2016, saboda haka duk mai niyyar zuwa ya fara tambayar lafiyar hanya, kuma kada ya shiga rairayi sai da ɗan ƙasa. Namu direban dattijo ne ɗan kwarin. Da muka kai Takarkiba ya tsaya ya rage iskar tayoyi, sa'an nan ya karya kan mota arewa, muka faɗa cikin yashi.

Bayan hawa da gangara da suka sa wasunmu salati, sai ga Gabra'un a gindin wani ƙaton tudu: ruwa kwance lumui, dabinai da kyauro sun kewaye shi, ga kangayen tsohon ƙauye a gefe. Sunan na nufin kabarin Auni. Ba kogi ke zuba a ciki ba, ruwan sama kuwa ba a maganarsa a wannan ƙasa. Ruwan daga ƙarƙashin ƙasa yake tsattsafowa, ragowar zamanin da Sahara ke da damina, rana kuma tana ta shan sa tana barin gishirin, har ya fi ruwan teku zartsi nesa ba kusa ba. Wanda ya shiga wanka ba ya nutsewa, kifi kuma ba ya rayuwa a ciki.

A bakin ruwan ne abin da ya sa muka rubuta wannan ya faru. Ƙaraminmu, wani saurayi da bai daɗe da zuwa daga gida ba, ya leƙa ya ga waɗansu ƴan jajayen abubuwa suna yawo a ruwa kamar an watsa garin barkono. Ya yi dariya ya ce ai ya ji labari, nan ne garin masu cin tsutsa, ya kuma tofar da yawu. Direban yana jin Hausa sarai. Bai ɗaga murya ba, ya ce, "Ɗana, kakata ta wajen uwa a wancan kangon aka haife ta, kuma da wannan abin ta raini mahaifiyata." Kunya ta rufe mu gaba ɗaya. Muka ba shi haƙuri, shi kuma ya ɗebo ruwan a kofin shayi ya miƙo mana, ya ce mu duba da kyau tukuna. Allah Ya sa ɗayanmu mai gyaran salula ne, gilashinsa na ƙara girman abu yana aljihu.

Abu na farko da gilashin ya nuna shi ne wannan halitta ba tsutsa ba ce. Larabawan yankin ne suka kira ta dud, wato tsutsa, saboda ƙanƙantarta. Masana suna kiranta Artemiya, kuma dangin jatan lande da ƙaguwa ce. Tsawon babbarta bai wuce santimita 1 da ɗan abu ba, kamar ƙwayar shinkafa doguwa. Jikinta gaɓa-gaɓa ne, kashi uku: kai, da ƙirji, da siririn ciki mai ƙarewa da ɗan wutsiya mai baki biyu. Ba ta da ƙoƙon baya mai tauri irin na ƙaguwa, fatarta sirara ce har ana hango hanjinta ya miƙe kamar zare daga kai zuwa wutsiya.

A kanta akwai idanu 3. Biyu baƙaƙe ne, kowanne a kan ɗan sanda, kuma kowanne haɗin ƙananan idanu ne masu yawa. Na ukun ɗan ɗigo ne a tsakiyar goshi, shi ne wanda take ƙyanƙyashewa da shi, aikinsa rarrabe haske da duhu. Akwai kuma ƙahonnin ji guda 4. A jikin namiji biyu daga ciki sun yi girma sun lanƙwashe kamar ƙugiya, da su yake riƙe mace, shi ya sa muka ga waɗansu suna iyo bibbiyu a manne. Ita macen ana gane ta da ƴar jakar ƙwai da ke bayan ƙafafunta.

Ƙafafun su ne abin mamaki. Guda 22 ne, 11 a kowane gefe, fale-fale kamar ganye, bakinsu da gashi, kuma ba sa tsayawa dare da rana: suna kaɗawa ɗaya bayan ɗaya kamar iska na bin gonar gero. Da wannan kaɗawa guda take yin ayyuka uku. Da ita take iyo, a rigingine, cikinta na fuskantar haske. Da ita take numfashi, domin jikin ƙafafun ne ke zuƙar iskar da ke cikin ruwa. Da ita kuma take cin abinci, don gashin yana tace ƙananan gansakukar da ido ba ya gani, ya tara ta a wata ƴar kwata da ke tsakanin ƙafafun, ta gangara zuwa baki. Jar kalar da muka gani tana zuwa ne daga wannan gansakuka, da kuma sinadarin nan mai sa jinin ɗan Adam ja, wanda ita ma take da shi, yana kuma ƙaruwa a jikinta idan iskar ruwan ta yi ƙaranci.

To, yaya take zama cikin ruwan da ke kashe kifi? Lita guda ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35, Artemiya kuwa tana jure ninki biyar na wannan har fiye. Shan ruwan take yi, hanjinta ya tsotse shi, sa'an nan waɗansu sassa na ƙafafunta su fitar da gishirin da ya yi yawa. Ta haka gishirin da ya kori kifayen da za su cinye ta ya zama garkuwarta. Idan zama ya yi daɗi, macen tana haifar ƴaƴa masu rai. Idan kuwa ruwa ya tsananta, sai ta zuba ƙwai masu ɓawo mai tauri, ƙanana ƙwarai, har giram guda yana ɗauke da fiye da 200,000. Waɗannan ƙwai suna iya bushewa su yi shekaru cikin ƙasa kamar ƙura, ranar da suka sami ruwan da ya dace su ƙyanƙyashe cikin kwana guda ko biyu. A nan muka tuna abin da mahaifinmu yakan faɗa a karatun tafsirin azumi, cewa wanda ke shakkar tashi bayan mutuwa ya je ya dubi busasshiyar ƙasa ranar ruwan farko.

Mutanen da suka zauna a bakin waɗannan tafkuna, su ake kira Dawwada, sunan da maƙwabta suka laƙaba musu daga kalmar dud. Mata ne ke shiga ruwa da jakar yadi ɗaure a dogon sanda su tato ta, a kirɓa ta da dabino, a cura, a busar, a ajiye. A wurin da babu kifi, dabbobi kuma ba su da makiyaya, wannan shi ne namansu. Suna kuma ɗibar kanwa daga tafkin Tarona su kai kasuwannin Fazzan. Labarinsu ya haɗu da namu ta wata hanya: a 1822 wani likita ɗan Birtaniya, Walter Oudney, ya ziyarci tafkunan ya rubuta bayanin wannan abinci, daga nan ya gangara Barno tare da Clapperton, ya rasu kusa da Katagum a watan Janairun 1824 kan hanyarsa ta zuwa Kano. A shekarun 1980 gwamnatin Libiya ta tashe Dawwada daga cikin rairayi ta zaunar da su a sababbin gidaje a kwarin, shi ya sa ƙauyen ya zama kango.

Da dare, muna shan shayi sauro na ta yi mana kiɗa, saurayin nan ya tambaya ko ma ya halatta a ci irin wannan abu. Muka gaya masa abin da muka karanta a zaure: a mazhabar Malikiyya duk halittar da ke rayuwa cikin ruwa halal ce, ba ta buƙatar yanka. Farar da muke soyawa da yaji a Maraɗi da Damagaram ita ce ma malamanmu suka sa wa sharaɗi, cewa sai an kashe ta da niyya da ambaton sunan Allah. Direban ya yi dariya ya ce ranar da ya fara ganin Bahaushe na cin fara a kasuwar Sabha, shi ma kauda kai ya yi. Abin da saurayinmu ya tofa wa yawu, yau a tafkin gishirin Yuta na Amurka kwashe ƙwansa ake yi da jiragen ruwa ana sayarwa ko'ina a duniya, domin da shi masu kiwon kifi da jatan lande ke ciyar da ƴan ƙyanƙyasa.

Kan hanyar dawowa muka biya ta tafkin Ummul Ma'i, wato uwar ruwa, sa'an nan Mandara. A Mandara babu abin ɗiba a kofi. Tafkin ya ƙafe, sai ɓawon gishiri da laka mai tsattsagewa, dabinai na tsaye a kewaye, domin ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ja baya, ga rijiyoyin inji na ban-ruwa sun yawaita a kwarin. Saurayinmu ya duƙa ya ɗebi ƙasar ya ƙulle a leda, ya ce zai jiƙa ta a Sabha ya ga ko da sauran rai a ciki.

Ya ku iyaye, mu da ke zaman baƙunci mun san zafin a kira mutum da sunan da bai zaɓa ba, Suratul Hujurati kuma ta hana mu jifan juna da laƙabi. Mu kula da abin da ƴaƴanmu ke ji daga bakinmu game da abincin wasu da sana'ar wasu, kuma idan yaro ya kawo ƙwaro ko tsiro yana tambaya, mu zauna mu duba tare da shi kafin mu ce ya yar. Direbanmu ya yafe, har ya yi mana guzurin dabino, amma ba kowa ke da irin haƙurinsa ba.

Allah Ya ba Libiya da ƙasashenmu zaman lafiya, Ya tsare matafiyanmu, Ya mai da kowa gida lafiya.