Hanya Ɗaya, Lada Biyu: Abin Da Wani Direba Ya Koya Mini

Yau ina so in ba ku labarin wani kuskure da na yi da hannuna, ko Allah ya sa wani ya tsira daga irinsa.

Ni ɗan kasuwa ne a Ƙofar Wambai, cikin birnin Kano, inda aka san mu da gwanjo da robobi da takalma. Duk wanda ya taɓa yin sammako a kasuwarmu ya ga yadda manyan motoci kan kwana a bakin hanya, 'yan dako na sauke dila, direba kuwa yana kwance a kan tabarma ƙarƙashin mota, ya sha tafiyar kusan kilomita 1,000 daga Ikko, ta Ilori da Jebba da Mokwa. Ina da 'yan motoci kaɗan da na gada, na kuma ƙara, su ne ke yi mini dako, ni da maƙwabtana. Saboda haka a wajen direbobi ni maigida ne, kuma ladansu yana wuyana.

Masu karatu za su tuna cewa a shekarar 2022 farashin man gas, wanda manyan motoci ke sha, ya ninka fiye da sau biyu. Taya ta yi tsada, kayan gyara suka yi tsada, hatsi ma ya tashi. Direbobinmu suka ga albashinsu bai kai su ƙarshen wata, sai suka turo dattawansu uku su zauna da mu, masu motoci. Muka yi zama har sau huɗu a shagon ɗaya daga cikinmu, kullum bayan La'asar, ana ja-in-ja. Su suna cewa tuwo ya gagara, mu muna cewa riba ta ƙare a tankin mota, kuma kowa gaskiya yake faɗa.

A zama na huɗu ne na kawo shawarar da a lokacin na ɗauka hikima ce. Na ce a ƙara wa direbobin da ke hannu albashi da kuɗin hanya yadda suka nema, amma duk wanda za a ɗauka daga yau, a sa shi a wani mataki na ƙasa, ya riƙa karɓar kashi biyu cikin uku na abin da na da ke karɓa. Dattawan suka dubi juna, suka ga su dai sun sami biyan bukata, suka amince. Aka yi fatiha, aka watse, kowa na murna. Babu wanda ya lura cewa mutanen da aka yanke wa hukunci a wannan zama ba su cikin ɗakin, ba su kuwa wakilta kowa ba.

Bayan 'yan watanni na ɗauki wani saurayi wanda ya yi shekara shida yana yaron mota kafin ya sami lasin. Hannunsa a sitiyari lafiyayye ne, ba ya shan komai, ba ya satar mai. Ya yi mini shekara guda ban ji kansa ba. Rannan ya dawo daga Ikko tare da wani tsohon direbana, mota biyu a jere, kaya iri ɗaya, kwana ɗaya suka tashi, kwana ɗaya suka iso. Na ƙirga wa kowa nasa a gaban ɗan'uwansa. Da tsohon ya fita, sai saurayin ya durƙusa ya ce, "Alhaji, ina da tambaya, in ba za ka ga rashin kunyata ba." Na ce, "Faɗi, ɗana." Ya ce, "Shin in ni na hau hanyar Mokwa gajarcewa take yi, ko kuwa ramukan cikewa suke yi in sun gan ni?" Na yi dariyar yaƙe, na ce ai haka aka yi yarjejeniya, kuma da saninsa ya karɓi aikin. Ya ce, "Haka ne, Alhaji. Da yunwata na karɓa." Ya tashi ya tafi.

Wannan magana ta hana ni barci. Kashegari bayan Asuba na je zauren malamin da nake ɗaukar karatu a wajensa, na kwashe labari duka na gaya masa. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, shin na ci haram?" Ya ce in dai ta fuskar hukunci ne, abin da malamanmu na Malikiyya suka shimfiɗa a babin ijara, cikin Risala da Muhtasar, shi ne lada ya zama sananne, aiki ko wa'adinsa ya zama sananne, kuma ɓangarorin biyu su yarda. Tun da an cika waɗannan, ƙullin ya inganta, alƙali ba zai warware shi ba. Har na fara sakin ajiyar zuciya, sai ya ce, "Amma Alhaji, ba alƙali ka zo tambaya ba. Da zuciyarka ta natsu, da ba ka yi sammako ba."

Sa'an nan ya kawo mini misalin halifofi biyu na farko. Sayyidina Abubakar yakan raba dukiyar baitulmali daidai wa daida. Da Sayyidina Umar ya kafa diwani, sai ya yi matakai, ya fifita waɗanda suka riga shiga Musulunci, har ya yanka wa mutanen Badar dirhami 5,000 a shekara. Malam ya ce ko da yake wannan rabon baitulmali ne, ba ladan ƙwadago ba, akwai abin lura a ciki, watau fifikon Umar yana da dalili bayyananne wanda kowa ya sani. Ya ce, "To, kai mene ne dalilinka? In ƙwarewa ce, sabon zai ƙware wata rana. Ka sa masa ranar da zai kai matakin na sama?" Na ce ban sa ba. Ya ce, "Ashe ba tsani ka kafa masa ba, rufi ka yi masa."

Abin da ya fi ba ni kunya kuwa ban gaya wa Malam ba sai daga baya. Da na duba littafin lodi, sai na tarar cewa a cikin shekarar nan duk tafiya mai tsawo saurayin nake ba, don shi ne mai araha, tsofaffin kuwa suna zaune a gareji suna jiran layi. Albashinsu ya ƙaru a takarda, amma kuɗin hanya, wanda shi ne rabin abincin direba, ya ragu. Sauran masu motoci ma haka suka yi, wani har ya sallami tsohon direbansa a kan laifin da bai taka kara ya karya ba. Dattawan da suka sayar da haƙƙin na baya don su tsira da nasu, ashe ramin da za su faɗa suka taya mu ginawa. Ga kuma gaba ta shiga tsakanin direbobin, har wani ya ga motar ɗan'uwansa ta lalace a daji ya wuce. Mu masu kaya muka fara ganin sakamakon a jinkiri da asara.

Kada mai karatu ya zaci a kasuwarmu kaɗai ake irin wannan. A ƙasar Amurka, ƙungiyar direbobi ta Teamsters ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin UPS mai jigilar ƙunshin kaya a shekarar 2018, aka ƙirƙiro wani rukuni na direbobi masu ƙaramin albashi, alhali kuwa mafi yawan waɗanda suka jefa ƙuri'a sun ƙi yarjejeniyar. Shekara biyar ana gunaguni, har a 2023, da aka kai gab da yajin aikin ma'aikata wajen 340,000, aka soke wannan rukuni, aka mai da direbobin mataki ɗaya.

A nan gida kuwa, tun 1978, zamanin mulkin Janar Obasanjo, aka sake fasalin ƙungiyoyin ƙwadago aka mai da su 42, cikinsu har da NURTW ta ma'aikatan sufurin mota, da NUPENG wadda direbobin tankar mai ke da reshe a cikinta. Masu manyan motoci su ma suna da tasu, watau NARTO. A watan Afrilu na 2017 direbobin tanka suka shiga yajin aiki a kan albashi, masu motoci suka ce kuɗin dakon da ake biyansu ba zai ɗauki ƙari ba, ba a sasanta ba sai da kamfanin NNPC ya ƙara kuɗin dakon kowace lita daga N6.20 zuwa N7.20. Wannan ya nuna cewa ladan direba daga kuɗin dako yake fitowa, saboda haka ɗan kasuwar da ke matse mai mota har ya rasa riba, yana da hannu a yunwar direban da bai taɓa gani ba.

Har ila yau, ma'aikatan gwamnati su sani cewa dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019, wadda aka yi wa gyara a 2024 aka kai adadin N70,000, ta keɓe wuraren aikin da ma'aikatansu ba su kai 25 ba. Mafi yawan masu motoci irina muna cikin wannan keɓewa. Direbanmu da yaron motarsa ba su da matakin albashi irin na ofis, ba su da fansho, abin da ke tsakaninsu da zalunci shi ne ƙungiyarsu da tsoron Allah na maigida.

Ga abin da na yi daga baya, bayan na nemi a sake zama, wannan karon da samarin a ciki. Kuɗin hanya ya zama ɗaya ga duk wanda ya yi tafiya ɗaya, domin hanya ba ta san tsoho da sabo ba. Albashin wata yana da matakai uku bisa shekarun aiki da tsare amana, kuma an rubuta cewa sabo zai hau kowane mataki bayan shekara biyu in bai yi sakaci ba. Lodi bisa layi ake bayarwa. Yaron mota ni ke biyansa hannu da hannu, ba a bar shi ga abin da direba ya ga dama ba. Ba a cire wa direba kuɗin ɓarnar da ba da sakacinsa ta auku ba, domin Malam ya ce ɗan ƙwadago amintacce ne a kan abin da aka danƙa masa. An rubuta duka, shaidu suka sa hannu. Wasu abokaina masu motoci sun bi, wasu sun ce na ɓata musu kasuwa, har yau akwai wanda gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.

Ribata ta ragu, ba zan ɓoye ba. Saurayin nan kuwa na kira shi, na lissafa bambancin kuɗin hanya na shekarar da ta wuce na ba shi, na roƙe shi gafara. Ya ce, "Na yafe, Alhaji," ya karɓi makulli, ya kama hanyar Ikko.

Ina roƙon shugabannin ƙungiyoyi, in sun zauna ciniki, su tuna da wanda bai zo ba tukuna, ina kuma roƙon 'yan'uwana masu dukiya kowa ya buɗe littafinsa ya duba tun yana da ikon gyarawa. Allah ya kai matafiya gida lafiya, ya sa mu rabu da haƙƙin mutane tun a nan duniya, amin.